Ka yi rantsuwar zama ɗan Amurka, to ta wace ƙofa za ka yi rajistar zaɓe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikin 'yan watannin nan mutum huɗu ne cikin jama'armu suka tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu a ƙofar masallaci bayan Juma'a biyu ta waya, dukkansu sun yi rantsuwa sun karɓo satifiket ɗinsu na zama 'yan ƙasa kuma suna so su yi zaɓe, amma kowa da abin da aka gaya masa. Wani an ce ya bari kawai sai ya je sabunta lasisin tuƙi a yi masa a can, wata an ce ta yi ta intanet minti biyar ta gama, wani kuma an ce masa ai ko ranar zaɓe ya je za a rubuta shi. Duk babu wanda aka yi wa ƙarya, matsalar dai kowace amsa tana da jihar da take aiki da jihar da ba ta aiki, kuma ga irinmu masu suna Muhammad da A'isha da Mu'azu, waɗanda suka fara riƙe lasisi tun suna da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ƙofofin nan ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne INEC. A gida hukuma ɗaya ce, rajista ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, a zaɓen 2023 mutum miliyan 93 da 'yan kai ne a cikinta, ka yi hoto a ɗauki yatsunka a ba ka kati. Mutanen Nijar ma sun saba da CENI. Amurka babu wannan. Kowace jiha da nata kundin masu zaɓe, jihar North Dakota ma ba ta da rajistar kwata-kwata, katin shaida kawai za ka nuna. Kafin 2002 abin ma ya fi haka warwatsewa, a yawancin jihohi kowace kawunti, wato kamar ƙaramar hukuma, ita ce ke riƙe da nata jerin sunaye. Rikicin Florida na shekarar 2000 ne, inda ƙuri'a 537 ta raba George W. Bush da Al Gore, ya sa majalisa ta yi dokar da ake ce wa HAVA, Bush ya sa mata hannu a watan Oktoba 2002, ta tilasta wa kowace jiha ta haɗa sunayen a kwamfuta guda ta jiha, aka ba su har 1 ga Janairu 2006. Wasu ba su cika alkawari ba, New York sai da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai ta kotu a 2006, California kuwa nata tsarin mai suna VoteCal sai 2016 ya kammala.

To ga yadda tantancewar take, kuma dan Allah a nan nake so a nutsu domin duk zaɓin da za ka yi daga nan yake tashi. In ka cike fom za ka sa lambar lasisin tuƙinka, in ba ka da shi ka sa lambobi huɗu na ƙarshen soshiyal ɗinka, wato lambar Social Security. Kwamfutar jiha za ta ɗauki sunanka da ranar haihuwarka da lambar nan ta kai wa kwamfutar ofishin lasisi, ko ta hukumar soshiyal, ta tambaya ko sun yi daidai. Wannan binciken yana tabbatar da cewa kai ne kai, shi ke nan. Maganar kai ɗan ƙasa ne ko a'a, a fom ɗin tarayya akwati ne kake cikewa ka sa hannu bisa rantsuwa, wanda ya yi ƙarya hukunci na jiransa. Sai daga baya jihohi da yawa su koma su duba bayanan ofishin lasisi ko wani rumbun hukumar shige da fice mai suna SAVE su ga ko akwai wanda aka rubuta baƙo ne. A nan gizo yake saƙa, domin ranar da ka fara karɓar lasisi girin kad ko biza ka nuna, haka aka rubuta ka, kuma ranar da ka yi rantsuwa babu wanda ya buga wa ofishin lasisi waya ya ce a gyara.

Ba hasashe nake ba. A watan Janairu 2019 sakataren jihar Texas na lokacin, David Whitley, ya fito da jerin mutum kusan 95,000 ya ce ana zargin ba 'yan ƙasa ba ne suke cikin rajista, ba a yi kwana nawa ba aka gano dubun-dubata daga ciki mutane ne da suka yi rantsuwa tun tuni, tsohon bayanin lasisi ne ya ja musu. Aka je kotu, jihar ta janye shirin, shi kuma ya bar kujerar a watan Mayu. A 2024 Alabama ta ware mutum 3,251 da irin wannan zargi, a gaban alƙali aka tabbatar sama da 2,000 daga ciki suna da cikakken haƙƙin zaɓe, aka dakatar da abin. Saboda haka ko ta wace ƙofa ka shiga, tsohon rikodin ɗinka yana nan yana binka har sai ka je da ƙafarka ka gyara shi.

Bari in fara da ofishin lasisi tunda shi mutane suka fi sani. Dokar 1993 ce ta ce dole a ba ka damar rajista lokacin da kake neman lasisi ko sabunta shi, kuma yanzu jihohi da dama sun wuce nan, Oregon ce ta fara a 2016, da zarar ka yi harkar lasisi ana saka ka kai tsaye sai in kai ka ce ba ka so. Amfaninta ga sabon ɗan ƙasa babba ne matuƙar ka je da satifiket ɗinka ko fasfo na Amurka a hannu, domin jifa ɗaya tsuntsu biyu ne, an gyara matsayinka a kwamfutarsu kuma sunan da zai tafi wurin masu zaɓe daidai yake da na lasisinka harafi da harafi, babu zancen bai dace ba. Illarta kuma layi, da jiran ranar da aka ba ka, kuma in ka ce sai lasisinka ya ƙare za ka je to kana iya yin shekara uku ko huɗu kana yawo da rikodin baƙo.

Amma wlh abin da ya fi tayar min da hankali game da wannan ƙofa ba sabon ɗan ƙasa ba ne, mai girin kad ne. Na taɓa raka wata gwaggonmu wani ofishin lasisi, shekararta uku da zuwa, Turancinta bai nuna ba, ta zo karɓar katin shaida ne kawai. Ma'aikaciyar tana sauri, ta juyo mata da ɗan allon nan da ake sa hannu a kai tana cewa danna nan, danna nan, gwaggo kuma irin tarbiyyarmu ta kada ka ɓata wa ma'aikaci lokaci sai danna kore take yi. Ina tsaye a bayanta na ga tambayar rajistar zaɓe ta fito, na riƙe hannunta na ce Gwaggo tsaya, wannan a'a za ki ce. Ta ce to ai ni na ɗauka duk na katin ne ɗana. Da na je ajiye mota a lokacin da shi ke nan. Dokar tarayya ta 1996 ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ɗaurin har shekara ɗaya, kuma abin da ya fi ɗaurin muni shi ne ana iya korar mutum daga ƙasar, ranar da ya zo neman zama ɗan ƙasa kuma fom ɗin N-400 zai tambaye shi ko ya taɓa yin rajistar zaɓe. Su kansu ofisoshin suna kuskure, a 2018 California ta amsa cewa an yi wa kusan mutum 1,500 rajista ba bisa ƙa'ida ba, a 2024 Oregon ta gano sama da 1,200, amma in magana ta kai gaban jami'in shige da fice kai za a tambaya ba ma'aikacin ba. Wani abin da ke rikita mutane kuma, suna jin wai a Takoma Park ta Maryland baƙi suna zaɓe, eh gaskiya ne amma zaɓen gari ne kaɗai kuma jerin sunayensu daban yake, na birnin New York kuma da aka yi dokarsa a 2021 babbar kotun jihar ta soke shi a watan Maris 2025. In ba ka yi rantsuwa ba kada ka taɓa fom ɗin jiha ko da wa ya miƙo maka.

Sai intanet. Arizona ce ta fara a 2002, yanzu sama da jihohi 40 suna da ita, ka shiga vote.gov ka zaɓi jiharka zai kai ka shafin da ya dace. Ita ce mafi sauri kuma kai da kanka kake rubuta sunanka, babu wani akawu da zai karanta rubutun hannunka ya mayar da Sa'adatu Saadafu. Yawancin jihohi sai kana da lasisi ko katin shaidar jihar domin daga can suke ɗauko sa hannunka, kuma nan take suke gwadawa, in bai dace ba za ka gani tun kana zaune. Sai dai daga can ɗin ne kuma suke ganin tsohon matsayinka, shi ya sa ni nake cewa intanet ta fi kyau ga wanda ya riga ya gyara lasisinsa. Mutanenmu na Houston da Dallas ku lura, Texas ba ta buɗe rajistar intanet ga kowa ba, abin da za ka cike a shafinsu sai ka buga shi a takarda ka sa hannu ka aika, sai dai in kana sabunta lasisi ko canza adireshi ta intanet, kuma kwana 30 kafin zaɓe ake rufewa. Mutum zai cike a waya ya ɗauka ya gama alhali bai ma fara ba.

Fom na takarda, ko na jiha ko na tarayya wanda ake aikawa ta gidan waya ko masu sa kai su cike maka a bakin kasuwa, shi ne na fi jin tsoronsa ga masu irin sunayenmu. Duba takardunka yanzu ka gani. Fasfo ya ce Muhammad, soshiyal ya ce Mohammed, lasisi ya yanke sunan tsakiya domin bai shiga ba. 'Yan uwanmu na Nijar Mahamadou a nan Mamadou a can, Aïchatou ɗigon nan biyu kwamfuta ta cinye su. Wasu an juya musu sunan uba ya zama na farko tun ranar biza. A Georgia an yi wani tsari da ke neman komai ya dace daidai wa daida, ko ɗan layin tsakiyar suna ne ya ɓace sai a jingine fom ɗinka, a 2018 aka ruwaito kusan fom 53,000 ne a jingine kuma kusan kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen fata ne, sai a 2019 aka sassauta dokar. A jihohi da yawa rashin dacewa ba ya hana ka zaɓe gaba ɗaya, za a ce ka nuna shaida ranar farko da ka zo, amma wasiƙar da za ta gaya maka haka tana iya zuwa kana wurin aiki ta ɓace cikin takardun talla. In dole sai takarda, ajiye lasisinka a gabanka ka kwafi sunan yadda yake a jiki ko da ba haka kake son a rubuta shi ba.

Akwai dai wuri ɗaya da fom na tarayya yake da wani matsayi na musamman, Arizona. Tun 2004 jihar take neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, a 2013 Kotun Ƙoli ta ce jihar ba za ta iya ƙin karɓar fom na tarayya ba, sai suka raba rajistar biyu, wanda bai kawo takarda ba zai zaɓi kujerun tarayya kaɗai, babu gwamna babu 'yan majalisar jiha. New Hampshire ma ta yi dokar neman takarda a 2024, Wyoming a 2025. Kansas ta gwada daga 2013, ta tare sama da mutum 30,000, kotu ta rushe dokar a 2018. Majalisar wakilai ta tarayya kuma ta amince da ƙudirin SAVE Act a watan Afrilu 2025 wanda ke son a mayar da neman takardar na ƙasa baki ɗaya. Ni abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne ka nemi fasfo na Amurka da wuri, domin satifiket guda ɗaya ne, in ya ɓace sake shi kuɗi ne masu yawa da jiran watanni.

Rajistar ranar zaɓe fa? Tana da daɗi inda take. Minnesota tun 1974 take yi, har ma wanda ke da rajista a rumfarku zai iya tsaya maka ya rantse cewa a unguwar kake. Maryland tana yi, California tana yi, jihohi ashirin da wani abu ne da birnin Washington. North Carolina lokacin zaɓen wuri kaɗai take yarda, ranar zaɓen kanta a'a. Ohio, Texas da Georgia babu, kusan wata guda kafin zaɓe an rufe, New York kwana 10. Ga wanda ya yi rantsuwa ana saura sati biyu zaɓe wannan rahama ce. Ga wanda yake da watanni a gabansa kuwa ban ga dalilin jira ba, domin in wata matsala ta taso a rumfa abin da za a ba ka ƙuri'ar wucin gadi ce, a sa ta a ambulan a ajiye sai an bincika, wani lokaci sai ka koma ofis cikin 'yan kwanaki da takardu kafin a ƙirga ta, direban da ke aikin dare ko mai aikin kula da tsofaffi ba kullum yake da wannan lokacin ba.

Ƙofar da ni nake ba mutane shawara in sun samu ita ce ta wurin bikin rantsuwa, ko kuma ka taka da kanka zuwa ofishin zaɓe na kawunti da satifiket ɗinka. A wurin biki sau da yawa akwai teburi a bakin ƙofa, da can ƙungiyoyin sa kai ne suka fi zama a kai, amma a watan Agusta 2025 hukumar shige da fice ta USCIS ta ce jami'an zaɓe na jiha da na kawunti ne kaɗai za su riƙa yi a bukukuwan da take shiryawa, don haka wani wurin za ka tarar wani wurin babu kowa. Abin da ya sa na fi son ta, mutumin da ke riƙe da kundin ne ya ga takardarka da idonsa, ranar rajistarka kuma tana bayan ranar rantsuwarka babu mai ja. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, cikin makonnin da suka biyo baya ka je ofishin lasisi a gyara, ka tabbatar soshiyal ma sun gyara. Fom ɗin N-400 na Afrilu 2024 ya zo da wurin da za ka ce a tura wa soshiyal bayananka kai tsaye, amma kada ka dogara da shi, ka je da kanka ka tabbatar. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda a 2025 aka faɗaɗa SAVE ta yadda jihohi za su iya zuba sunaye masu ɗimbin yawa a lokaci guda su bincika da lambar soshiyal.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ba kowace jiha ce kwamfutarta take tafiya iri ɗaya ba. A Michigan misali kundi ɗaya ne na jiha kowane akawu a cikinsa yake aiki, abin da aka shigar yanzu ana ganinsa ko'ina. A Ohio da New York kawunti ce ke riƙe da nata tana turawa sama, Texas kuma gauraye ne, wasu manyan kawunti suna da nasu tsarin. A irin waɗannan wuraren in ka tashi daga wata kawunti zuwa wata kada ka ɗauka sunanka ya biyo ka, kuma in ka duba shafin jiha ba ka ga kanka ba kawunti za ka kira. In kuma jiha ka canza gaba ɗaya sabuwar rajista ce, ka rubuta wa tsohuwar su cire ka. Akwai haɗakar jihohi mai suna ERIC da aka kafa a 2012 da jihohi bakwai don gano waɗanda suka ƙaura ko suka rasu, tana gwada bayanai da yawa har da lasisi da soshiyal, amma daga 2022 zuwa 2023 jihohi irin su Louisiana, Florida, Ohio da Texas sun fice. Wanda ya gabace ta, Crosscheck na Kansas, suna da ranar haihuwa kawai yake dubawa har aka dakatar da shi a 2019, ka yi tunanin Ibrahim Musa nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu a fasfo.

Masu zuwa gida su daɗe kuma, musamman iyayenmu da ke yin shekara biyu uku a Kano ko Zinder ko Kumasi, ku sani rashin zaɓe kansa yana iya fara hanyar cire suna. A Ohio in ka yi shekara biyu ba ka yi zaɓe ba za a aiko maka da kati, in ba ka mayar ba kuma ka ƙara shekara huɗu shiru sai a cire ka, Kotun Ƙoli ta amince da haka a 2018. Akwai fom na 'yan ƙasa mazauna waje mai suna FPCA, ka cike shi a turo maka ƙuri'a kwana 45 kafin zaɓen tarayya har inda kake.

Saura maganar jam'iyya da za ka gani a fom. A Texas da Georgia ba a rubuta jam'iyya. A New York da Maryland in ka bar wurin babu komai ba za ka shiga zaɓen fidda gwani na jam'iyya ba, kuma a wuri irin Bronx kusan a fidda gwanin ake gama komai, canza jam'iyya a New York kuma sai kafin 14 ga Fabrairu in kana son ya yi aiki a shekarar.

Ga abin da na gaya wa mutum huɗun nan. Mai lasisi da ke da watanni a gaba, na ce ya ɗauki satifiket ya je ofishin lasisi ya gyara ya yi rajistar a can ko ta intanet bayan nan. Hajiyar da ba ta tuƙi kuma sunanta ya bambanta a takardu biyu, na ce ofishin zaɓe na kawunti za mu je tare, kada ta aika ta gidan waya. Na Texas na ce ya buga fom ya kai da hannu tun yanzu. Na Minnesota da rantsuwarsa ta zo dab da zaɓe shi kaɗai na ce ya yi a rumfa, ya tafi da lasisi mai adireshinsa na yanzu da satifiket ɗin. Sauran ukun kuma na ce bayan sati uku su shiga shafin jiharsu su nemo sunansu, su sake dubawa ana saura kwana 45 zaɓe tun ba a rufe ba, in sun gani su ɗauki hotonsa a waya su ajiye.